Kasuwa da Abincin Baƙo a Birnin Zanzibar

Birnin Zanzibar yana bakin yamma na tsibirin Unguja, cikin Tekun Indiya, kimanin mil 25 daga gaɓar ƙasar Tanzaniya. Galibin mutanensa Musulmi ne, harshensu kuwa Sawahili. Kowace shekara dubban baƙi su kan sauka a cikinsa, kuma da wuya baƙo ya kwana biyu bai yi tambayoyin nan guda biyu ba, watau mene ne abincin garin, me kuma ya kamata a saya a kai tsaraba. Tambayar tana da sauƙi a baki, amma amsarta da wuya, domin kusan duk abin da za a miƙa masa a ce na gari ne, in an bi asalinsa sai a tarar wani baƙo ne da ya riga shi sauka ya zo da shi. Nufin wannan takarda shi ne a nuna yadda aka yi haka, da kuma ma'aunin da ya kamata a auna abin da a ke kira na gari a wuri irin wannan.

Tushen al'amarin duka iska ce. Daga wajen watan Disamba zuwa Maris iska ta kan busa daga arewa maso gabas, mutanen gaɓa suna kiranta kaskazi. Daga Afrilu kuma sai ta juya ta riƙa tasowa daga kudu, wannan ita ce kusi. Jiragen dā na katako ne masu tafiya da iska, saboda haka ɗan kasuwan da ya taso daga Maskat, ko Hadramaut, ko Gujarat ta ƙasar Indiya, kaskazi ce ke kawo shi, kuma ba shi da hanyar komawa sai iska ta juya. Dole ya zauna wata biyu, ko uku, ko fiye. Mutumin da zai yi wata uku a gari kuwa ba ya rayuwa da guzuri. Sai ya nemi masauki, ya nemi mai dafa masa, ya nuna mata irin ɗanɗanon da harshensa ya saba da shi, wani ma ya yi aure. Jiragen su kan zo da dabino, da gishiri, da busasshen kifi, da tufafi, da dardumomi, su koma da hauren giwa, da kwakwa, da itacen gini da a ke sarowa a fadamun bakin teku, da bayi. Abin da ba a rubuta shi cikin lissafin kaya ba shi ne dabarun girki da kalmomin ciniki da su kan bari a baya.

Ibn Batuta, wanda ya bi gaɓar nan a shekarar 1331, bai sauka Zanzibar ba, amma abin da ya gani a Mogadishu ya isa ya nuna al'adar gaɓar. Ya ba da labarin cewa jirgi na tsayawa sai samari su fito cikin ƙananan kwale-kwale, kowa da akushin abinci a rufe, ya miƙa wa ɗaya daga cikin fataken, da haka ya zama mai masaukinsa. Daga nan ba wanda zai sayi kayan baƙon ko ya sayar masa sai ta hannun wannan mai gida. Abincin da aka ba shi a can shinkafa ce dafaffiya da man shanu, da nama da kifi, da ɗanyar ayaba da aka dafa cikin madara, da lemun tsami da citta da mangwaro da aka jiƙa don su yi tsami. Duk wanda ya san yadda fatoma ke riƙe fataken goro a zangunan Gwanja zai gane wannan tsari nan da nan. Akushi shi ne ke buɗe ciniki.

Turawan Fotugal sun shigo tekun a ƙarshen ƙarni na 15, suka riƙe gaɓar kusan shekara 200, har Larabawan Oman suka ƙwace ganuwarsu ta Mombasa a 1698. Ba su bar gini mai yawa a Unguja ba, tsohuwar ganuwar da ke bakin teku ma Larabawa ne suka gina ta a kan kufan cocinsu. A zamanin da jiragensu suka haɗa tekuna ne dai tsire-tsiren Amurka suka fara isowa wannan yanki, watau rogo, da masara, da abarba, da barkono ja. Sunayen da aka ba su abin lura ne. Abarba a Sawahili nanasi ce, kalmar da ta taso daga harshen mutanen Barazil ta biyo bakin Fotugis. Masara kuwa mahindi a ke ce mata, watau ta Indiya, ko da ya ke asalinta ba can ba ne, kamar dai yadda Bahaushe ya laƙaba ta ga Masar. Mutane kan ba abu sunan ƙofar da ya shigo musu, ba sunan gonar da ya fara tsira ba.

Wanda ya mai da garin babbar kasuwa shi ne Sayyid Sa'id ɗan Sultan, Sarkin Oman, wanda ya ƙaura da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, ya rasu a 1856. A zamaninsa ne kanumfari ya cika tsibirin. Shi ma baƙo ne. Asalinsa tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunusiya, daga can Faransawa suka kai irinsa tsibiransu na Morishas da Reyuniyon, daga nan aka kawo shi Unguja wajen 1818. Sarkin ya shuka shi a gonakinsa, manyan Larabawa suka bi, har aka wayi gari Unguja da ƙanwarta Pemba su ne ke ba duniya mafi yawan kanumfarin da ta ke ci. A Sawahili sunansa karafuu, a Hausa kanumfari, dukansu biyu daga ƙaranful na Larabci, ɗaya ya bi teku ɗaya ya bi Sahara.

Amma fa ƙanshin nan yana da farashi, kuma ba masu gonaki suka biya shi ba. Tsinkar kanumfari aiki ne na hannu da yawa, domin sai an hau bishiya an tsinko tohon furen kafin ya buɗe, a shanya shi a rana. Bayi ne da aka kwaso daga ƙasashen Tafkin Nyasa da Tanganyika suka yi wannan aiki. Ƙasar da a dā ke ba da hatsi ta koma ta kanumfari, sai tsibirin ya dogara ga shinkafar da a ke kawowa daga waje. Daga nan abinci ya rabu biyu. Shinkafa da nama da man shanu suka zama na gidan ubangiji da attajiri, rogo da dawa da busasshen kifi suka zama na bawa da talaka. Har wa yau akwai unguwa a tsakiyar tsohon birni mai suna Sokomuhogo, watau kasuwar rogo. Baƙon da aka kai shi yawon gonakin kayan yaji a Kizimbani ko Kidichi, aka murza masa ganye ya sansana, ya kamata ya san da wannan. An rufe kasuwar bayi ta birnin a 1873 bisa ga yarjejeniyar da Sultan Barghash ya yi da Ingila, aka gina babban cocin Angalikan a unguwar Mkunazini inda ta ke, amma ba a soke bauta a shari'a ba sai 1897. A 1872 kuma wata guguwa ta tumɓuke yawancin bishiyoyin Unguja, tun daga lokacin Pemba ta karɓe gaba. Yau Indunusiya da Madagaska sun fi su nesa ba kusa ba.

Sarauta ta Larabawa ce, amma kanti na Indiyawa ne. Sayyid Sa'id ya ba da jinginar kuɗin fito na tashar ga gidan Jairam Sewji, attajiri daga ƙasar Kac, kuma 'yan'uwansa Hindu da Musulmi su ne suka riƙe bashi da sari da ƙananan kantuna. Su suka kawo irin ginin nan na kanti a ƙasa, mai kanti da iyalinsa a bene, wanda ya jeru a lungunan Hurumzi da Kiponda har yanzu. Amurka ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Sarkin a 1833, ta buɗe ofishin jakadanci a 1837, jiragen garin Salem suka riƙa kawo farin akoko mai ƙwari wanda mutane suka sa wa suna merikani. Babban kuɗin ciniki riyalin azurfa ne mai hoton Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda fataken Kano da Barno ma suka sani. Ƙaramin canji kuwa, kafin a kawo kwabban tagulla daga Indiya, da awon dawa a ke bayar da shi. Waɗannan kwabbai su suka bar wa Sawahili kalmar pesa, wadda yanzu ta ke nufin kuɗi gaba ɗaya. Daga baya rufi na Indiya ya zama kuɗin ƙasa, sai a 1936 sule ya maye gurbinsa.

Mai nazarin harshe zai iya karanta wannan tarihi a bakin 'yan kasuwa ko da bai buɗe littafi ba. Kasuwa soko ce, kanti duka, farashi bei, mai tsada ghali, mai araha rahisi, dukansu tushensu Larabci. Dillali sunansa dalali, hasara kuma hasara ce a harsunan biyu. Sai dai Bahaushe ya yi hattara da kalma ɗaya. Abin da ya ke kira riba, mutumin Zanzibar faida ya ke ce masa, riba a wurinsa kuɗin ruwa ne da shari'a ta hana.

A tsakiyar ƙarni na 19 wani irin baƙo dabam ya bayyana, watau Turawa masu neman mafarin Kogin Nilu da tafkunan tsakiyar Afirka. Burton da Speke sun sauka a ƙarshen 1856, Livingstone a 1866, Stanley a 1871. Sayayyarsu ba ta tsaraba ba ce. Dilolin merikani su ke saye, da buhunan duwatsun ado, da wayar tagulla, domin waɗannan su ne kuɗi a cikin ƙasa, kuma wanda ya kuskure launin dutsen da wata ƙabila ke so sai ya kwana da yunwa da kayansa a ka. Yawancinsu sun yi kukan warin bakin teku da ƙazantar rijiyoyi. Sultan Barghash, wanda ya yi sarauta daga 1870 zuwa 1888, shi ya jawo ruwan marmaro ta famfo zuwa birni. Da buɗe mashigin Suwes a 1869 da zuwan jiragen tururi, baƙo ya daina jiran iska. Wanda a dā zai yi wata uku sai ya yi yini guda. Wannan canji ya fi yadda a ke zato girma, domin mai yini guda ba ya koya wa kowa girki, abin da zai ɗauka a hannu ya ke nema.

A wannan zamani ne aka sami kanga, zanen da kowace baƙuwa ke saye yau. Mata ne suka fara ɗinka manyan adikai masu zane guda shida wuri ɗaya su yi zane da su, 'yan kasuwa suka lura, suka sa a buga musu shi falle guda a masaƙun Turai, daga baya a Indiya da Japan. An ce ɗigo-ɗigon farkonsa ne ya sa aka ba shi sunan zabuwa, wadda ita ce kanga a Sawahili. Baiwa a dā baƙin zane mai rinin shuni ta ke ɗaurawa, kaniki, wanda da ganinsa an san matsayinta. Da aka soke bauta, matan da suka sami 'yanci suka yar da shi suka rungumi kanga mai launi, don a san su ma 'yan gari ne. A farkon ƙarni na 20 aka fara buga magana a gefensa, karin magana ko habaici, har ya zama mace na iya gaya wa kishiyarta ko maƙwabciyarta abin da ke ranta ba ta buɗe baki ba. Biyu-biyu a ke sayar da shi, ɗaya a ɗaura ɗaya a yafa. Zane ne da ba a taɓa saƙa shi a tsibirin ba, duk da haka da wuya a sami abin da ya fi shi zama na gari. Baƙuwar da ba ta jin Sawahili gara ta sa a karanta mata rubutun kafin ta ba wani kyautarsa.

Babbar kasuwar abinci ita ce Darajani, wadda aka buɗe a 1904, shekara 14 bayan tsibirin ya shiga ƙarƙashin kariyar Ingila. Sunan yana nufin bakin gada, domin a dā wani rafin teku ne ya raba birnin duwatsu da Ng'ambo, watau ƙetare, unguwar talakawa da 'yantattun bayi. An cike rafin a ƙarni na 20, aka shimfiɗa titi a kansa, amma kasuwar ta ci gaba da zama mahaɗar ɓangarorin biyu. A gefe ɗaya na rumfar akwai mahauta, a ɗaya gefen masu kifi, inda a ke yin gwanjo da safe, dalali na kiran farashi masu saye sun kewaye shi. A bayanta a ke tara ayaba iri-iri, da kwakwa, da rogo, da 'ya'yan itatuwan da asalinsu Asiya ce, kamar fenesi da doriani da shokishoki, da shelisheli wanda sunansa ke nuni ga tsibiran Seshel. Masu kayan yaji kuwa suna da kirfa, da masoro, da citta, da gangamau, da iliki. Kirfa a can mdalasini ce, daga Farisanci, ma'anarta itacen Sin.

Abin da ya haɗa girkin garin ya mai da shi abu guda shi ne kwakwa. A kan goge ta a kan wani ɗan kujera mai haƙoran ƙarfe da su ke kira mbuzi, watau akuya, a matse madararta, a dafa shinkafa da ita, ko wake, ko rogo, ko kifi, ko pweza, wata dabbar teku mai hannuwa takwas. Pilau da biriani, shinkafar biki, sunayensu daga Farisa da Indiya su ke. Sambusa da chapati da bajia sun biyo Indiyawa da Larabawa. Halua, wata alewa mai danƙo ta sukari da man shanu da iliki, ta mutanen Oman ce, ba a shan baƙar gahawa a biki ko zaman makoki sai da ita. Vitumbua kuwa da ƙullun shinkafa a ke toya su a tanda mai ramuka, Bahaushe na ganinsu zai ce waina ce, bambancin kawai madarar kwakwa. Wanda ya fi kowanne bayyana halin garin shi ne urojo. Romo ne mai kauri na fulawa da gangamau da tsamin mangwaro ko lemo, a zuba dankali a ciki, da bajia, da soyayyen rogo, da tsire, a ɗiga yajin kwakwa da barkono. Dankali da rogo daga Amurka, bajia daga Indiya, kwakwa ta gaɓa, amma haɗin kansa na wannan gari ne.

Inda baƙi suka fi sani shi ne Forodhani, lambun bakin teku da ke gaban tsohuwar ganuwa da gidan nan Beit al-Ajaib wanda Barghash ya gina a 1883. Forodha ita ce wurin karɓar kuɗin fito, nan jirage ke sauke kaya a dā. An mai da wurin lambu a 1936 don murnar cikar Sultan Khalifa ɗan Harub shekara 25 a sarauta, aka kuma gyara shi da taimakon asusun Aga Khan, aka sake buɗewa a 2009. Rana na faɗuwa masu abinci ke kafa tebura su kunna fitilu. Nan a ke soya abin da a ke kira fizar Zanzibar, wadda ba ta da dangantaka da ta Italiya sai suna: ƙullun fulawa ne a miƙe shi siriri, a zuba niƙaƙƙen nama da ƙwai da albasa, a ninke a soya, ɗan'uwan mutabbaƙ ne na ƙasar Larabawa. Sunan kansa don kunnen baƙo aka raɗa shi. Teburan da aka jera wa ƙaguwa da jatan lande su ke jan ido, amma sau da yawa an riga an dafa su, ɗumamawa kawai za a yi, kuma farashinsu ba na ɗan gari ba ne. 'Yan gari layin urojo da tsire da ruwan rake su ke bi.

Tsakanin lambun 1936 da kasuwar dare ta yau akwai wani babban gibi. Ingila ta ba da mulkin kai a ran 10 ga Disamba 1963, a ran 12 ga Janairu 1964 aka yi juyin mulki aka kori Sultan Jamshid, a watan Afrilu kuma aka haɗe da Tanganyika. An kashe Larabawa da Indiyawa da yawa, waɗansu da yawa suka gudu suka bar kantunansu. Gwamnatin Abeid Karume ta karɓe gidaje da gonaki da sari, ta riƙe sayen kanumfari a hannun kamfaninta, ta tsuke shigo da kaya. Garin da duniya ke zuwa sayayya ya koma bin layi don shinkafa da sukari. Sai daga 1984, zamanin Ali Hassan Mwinyi, aka sassauta ciniki, kantuna suka fara buɗewa. Da kanumfari ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnati ta juya ga masu yawon buɗe ido, a shekarar 2000 kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Kantunan da aka sake buɗewa ba su koma sayar da abin da su ke sayarwa dā ba. Wanda ya bi titin Gizenga, wanda kafin juyin mulki a ke kira titin Fotugis, ko titin Kenyatta, zai ga zane-zanen Tingatinga, waɗanda Edward Saidi Tingatinga ya fara a Darussalam a 1968, da sassaƙen Makonde na iyakar Tanzaniya da Mozambik, da duwatsun wuya na Masai, da dutsen tanzanait da a ke haƙowa kusa da Arusha. Akwai giwaye da raƙuman dawa na katako, alhali ba ɗayansu da ke zaune a tsibirin. Cikin ƙunshin kayan yaji har da za'afaran, wanda ba a noma shi a can. Ba za a ce da waɗannan kaya na bogi ba don sun zo daga waje, tun da kanumfari da kanga ma daga waje suka zo. Bambancin da ke tsakani shi ne kanga ta shiga ɗakin 'yar gari, giwar katako kuwa daga kanti sai akwatin baƙo. Ma'aunin da tarihin garin ya bayar ke nan: a dubi abin da masu gari ke saye da kuɗinsu.

Akwai kuma abin da na gari ne ƙwarai amma bai kamata a saya ba. Ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, waɗanda attajiran ƙarni na 19 ke fara kafawa kafin su ɗaga bango, an ɓalle da yawa daga cikinsu a shekarun da gidaje suka rasa masu su, aka sayar wa masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje. Doka ta hana fitar da tsofaffin yanzu. Masassaƙa na nan suna yin sababbi, da akwatunan katako masu ado da tagulla irin na amare, kuma sayen aikinsu shi ke riƙe sana'ar. Haka masu ɗinkin kofia, hular maza mai ƙananan huji da a ke yi da allura, wadda guda ɗaya kan ci makonni. Matan ƙauyukan gabashin tsibirin, waɗanda suka fara noman ciyawar teku wajen 1989, su ma suna kawo sabulun da su ke yi da ita.

Baƙon da ya sauka cikin watan azumi zai tarar da yawancin masu abinci a rufe da rana, kuma ba a son a ga mutum yana ci a titi. Da la'asar sakaliya sai bayan Darajani ya cika da masu dabino, da burodin riɗi, da sambusa, da kunun da su ke kira uji, mata na sayen rogo da ayabar da za a dafa da kwakwa don buɗe baki. Dabinon, kamar a zamanin jiragen kaskazi, daga ƙasar Larabawa a ke kawo shi.